Na aika shek kan lokaci, ambulan ta kwana tasha, yanzu sun aza min tara

Saƙon ya zo daga Tawa, na taƙaita shi amma ban canza mishi magana ba.

"Assalamu alaikum Baba. Ni malamin lakkol ne, shekara biyu ke nan da anka kawo ni Tawa, iyalina suna Yamai. Kafin in taho na ci bashi wurin wani asusun bada rance don in rufe ɗakuna biyu da na gina, ina biyan jika 45 duk wata, wa'adi 5 ga wata. Yadda nike yi, in albashi ya sauka sai in rubuta shek in sa cikin ambulan in ba kamfanin mota, ƙanena shi amsa a tasha shi kai gishe, wato tagar biyan kuɗi ta asusun. Wata 14 ban taɓa latti ba. Wanga karo na aika ran 28 ga watan bakwai, rasit na nan hannuna, amma ambulan ba ta shiga hannun ƙanena ba sai 9 ga watan takwas. 'Yan tasha sun ce sun kira ba a ɗauka ba, shi kuma ya rantse ba wanda ya kira shi. Ya kai shek ranar, kuɗin ba su shiga ba sai ran 12. Watan tara da watan goma duk na biya kan lokaci, sai ga saƙo a waya wai ana bina jika 15 da dala 120 na latti. Baba ni ban yi latti ba, ina da shaida. In biya ko in ƙi? Kuma wannan ba riba ba ce? Kuma ƙanena mun daina magana, na ce shi zai biya."

Wa alaikumus salam Mushe. Allah ya ba da ladan karantar da yaran mutane nesa da gida.

Na karanta saƙonka sau biyu kuma na ji zafin da kake ji, domin babu abin da ya kai mutum ya yi iya ƙoƙarinshi, ya matse cikinshi ya fidda jika 45 tun kafin ya sai hatsin wata, sannan a kira shi mai latti. Amma bari in fara da abin da ba za ka so ji ba don mu wuce wurin, ranar da ka aika ba ita ce ranar da ka biya ba. Rasit ɗin da ke hannunka na 28 ga wata yarjejeniya ce tsakaninka da kamfanin mota, ya nuna ka ba su ambulan, shi ke nan abin da ya nuna. Wanda ke binka bashi bai sa hannu a wannan rasit ba kuma ba shi ya zaɓa maka hanyar ba, kai ka zaɓa, to duk abin da ya faru tsakanin Tawa da Ƙonni da Dutsi da Doso har Yamai, kilomita 500 da wani abu, da abin da ya faru cikin ɗakin ajiyar kaya na tasha, a wuyanka yake a wurinsu. Na san abin da ke cikin kanka, kun saba da maganar nan ta dosiyen kwankur, wato takardun neman shiga jarrabawa, inda ake rubuta cewa kashen gidan waya shi ne shaida, wato in dai tambarin ya nuna ka aika kafin ranar rufewa an karɓa ko da takardar ta iso bayan sati. Wannan gaskiya ne amma sai inda aka rubuta haka ɓaro-ɓaro, ba ƙa'ida ba ce da ke bin kowace takarda. Ko a Amurka da har yanzu mutane da yawa ke aika shek ta gidan waya haka abin yake, ma'aikatar haraji tana duba tambarin ranar aikawa, amma masu katin bashi ranar da kuɗin ya iso hannunsu suke ƙirgawa, abin da dokarsu ta 2009 ta yi shi ne ta tilasta a aika wa mutum takardar bashinshi kwana 21 kafin wa'adi don ya samu sarari. To ka ɗauko kwantiraginka ka duba, in ka ga inda aka ce ranar aikawa ake bi to ka ci, amma zai yi wuya ka gani.

Sannan shek kanshi ba kuɗi ba ne sai ya zama kuɗi. Dokar 2002 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da sefa, kan hanyoyin biyan kuɗi ta ce miƙa shek ba ya kashe bashi, bashin yana nan da ranshi har sai an biya shek ɗin. Shi ya sa ka ga ƙanenka ya kai ran 9 amma su 12 suka rubuta, domin in bankinka daban da nasu sai takardar ta bi ta wurin musanyar bankuna da BCEAO, babban bankin ƙasashenmu, ke kula da shi, kuma asabar da lahadi ba sa cikin lissafi. Kwana bakwai ke nan suka ƙirga maka, daga 5 zuwa 12.

Yanzu ga inda nake so ka natsu, don a nan ne kuɗinka ke zubewa kuma ina jin ba wanda ya zauna ya yi maka bayani. Na yi shekaru ina zaune bayan gishe a wani wurin karɓar kuɗi nan Yamai, da safe abu na farko da nake yi shi ne in juya ƙaramar tayar kashe in sa ranar yau, in buga a kan tsohuwar takarda in ga ta fito daidai, kuma wannan ranar ita kaɗai injin ya sani, bai san an yi ruwa hanya ta lalace ba, bai san wayar wani ba caji ba. Tara ba mutum ke aza ta ba, da dare in an rufe lissafin rana kwamfuta ke duba wanda wa'adinshi ya wuce ta ɗora mishi. Na ɗauki jika 15 da dala 120 ɗinka, wato sefa 15,600, na raba uku, sai ya ba ni 5,200 cif. Ka ga abin da ya faru? Latti ɗaya ka yi amma sau uku aka ci ka tara. A watan takwas an aza maka 5,200, ba ka sani ba ko ka sani ka ce ba ka biya. Watan tara ka kawo jika 45 ɗinka cif kana ganin ka biya wata, shi kuma injin sai ya fara cire tara da kuɗin ruwan da yake binka tukuna sannan ya zuba saura a kan biyan wata, to sai biyan watan tara ya zama bai cika ba, saura 5,200, kuma biyan da bai cika ba a wurin injin latti ne, sai ya sake aza wata tarar. Watan goma ma haka. Wannan tsari na a fara cire ruwa kafin uwar kuɗi tsohon abu ne, yana cikin dokar farar hula da muka gada daga Faransa, kuma yawancin kwantiragin bashi suna maimaita shi da ƙananan rubutun da ba mai karantawa. Ma'ana in ka ce ka yi fushi ba za ka biya ba, watan sha ɗaya zai zama 20,800, watan sha biyu jika 26, kai kuma kana nan kana biyan jika 45 duk wata kana ganin kana kan gaskiyarka.

Don haka amsar tambayarka ta farko, ka biya, kuma ka biya cikin satin nan kafin 5 ga wata ta sake zagayowa. Ban ce ka yarda ba, cewa na yi ka tsai da jinin tukuna sannan a yi maganar wa ya yi yankan. In ka je biya, ko wanda ka aika, a rubuta a takardar da za ka haɗa cewa ka biya ne ba don ka amince da lissafin ba kuma kana neman a duba. Kuma ka tambaye su adadin na ranar da za ka biya ɗin, kar ka dogara da saƙon waya na kwana goma da suka wuce, don in ka bar ko dala ashirin a baya injin zai sake kama ka da ita.

Akwai wani dalili kuma da ya sa ba na son ka bar abin ya daɗe. Tun wajen 2016 akwai ofishin tattara bayanan masu bashi na ƙasashen UEMOA, bankuna da manyan asusun rance suna aika mishi yadda kowa ke biya. Kai ma'aikaci ne, gobe za ka so bashin sayen babur ko na ƙarasa gini ko na karatun yara, a buɗe sunanka a ga wata uku a jere ba ka cika biya ba, alhali kai ka san latti ɗaya ne kuma ba da gangan ba. Wannan tabon ya fi jika 15 tsada.

Bayan ka biya sai ka rubuta takardar neman a yafe maka, su a can suna ce mata remiz, kuma wallahi ana yafewa, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Ina tuna wani dattijo da ya zo min da baƙar leda ɗaure da roba, ya kwance a kan kanta, rasit ne na shekara kusan uku an jera su wata bayan wata har waɗanda rubutunsu ya fara gogewa, bai ɗaga murya ba bai zagi kowa ba, ya ce ɗana duba ka gani ko na taɓa saɓa muku. Ni ba ni da ikon share ko dala, na shiga da ledar wurin shugaban reshe, ya ɗaga rasit huɗu biyar ya duba, ya ɗauki biro ya sa hannu. A ranar kuma akwai wanda ya zo yana buga kanta yana cewa mu ɓarayi ne, shi ma wataƙila yana da gaskiyarshi, amma ya tafi da tararshi. Abin da nake so ka gane, yaron da ke gishe ba ya iya yi maka komai, kar ka ɓata bakinka a kanshi, kuma kar ka tsaya ga kiran waya don maganar waya iska ce. Takarda za ka rubuta zuwa ga shugaban reshe, gajera, shafi ɗaya. Ka sa lambar bashinka, ka ce wata 14 ka biya ba latti, ka ce ga abin da ya faru a watan takwas ka haɗa fotokofin rasit ɗin 28 ga wata, nan ne rasit ɗinka ke da amfani, ba a matsayin hujjar cewa ka biya ba, a matsayin shaidar cewa kai ba mai taurin bashi ba ne. In kamfanin mota za su ba ka 'yar takarda ko hoton rajistansu da ke nuna ranar da ambulan ta iso da ranar da aka amshe ta, ka haɗa. Sannan ka roƙi abu biyu daban daban, kar ka cakuɗa su. Na farko a yafe maka tarar watan takwas a matsayin alfarma. Na biyu a soke ta watan tara da ta watan goma domin a waɗannan watanni ka biya cikakke kan lokaci kuma daga ta farko suka haifu. Ko shugaban ya ƙi na farko, na biyu yana da wuyar ƙi ga mai adalci, kuma shi ne kashi biyu cikin uku na kuɗin. Ka ce in an yafe a zuba maka kuɗin cikin biyan wata mai zuwa, ya fi sauƙi gare su da a ce su fiddo kuɗi su ba ka a hannu. Kofi biyu za ka yi, su riƙe ɗaya su buga maka kashe da rana a kan ɗayar ka ajiye. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne Mushe.

A cikin takardar ka nemi su ba ka lissafin dalla-dalla, nawa ne tara nawa ne kuɗin ruwan latti, kowanne da layin kwantiragin da ya ba su dama. Ga ma'aunin da za ka riƙe a kai. A 2014 an ƙayyade iyakar kuɗin ruwa a ƙasashenmu na sefa, kashi 15 cikin ɗari a shekara ga bankuna, kashi 24 ga asusun rance irin naka. In ka ɗauki wannan 24 ɗin ka auna a kan jika 45 na kwana bakwai, abin da zai fito bai wuce sefa 207 ba, dala arba'in da 'yan kai. To sauran kusan jika biyar ɗin duk tara ce ko wasu kuɗaɗe da aka liƙa, kuma tara lissafinta daban ne, kwantiragi ke faɗin ta, shi ya sa nake so ka ga layin da idonka. In an rubuta kashi kaza na biyan da ya yi latti, ka duba a kan me suka ɗora kason a watan tara, a kan jika 45 duka ko a kan 5,200 da suka ce ya rage, domin in abin da ya rage ne kawai ya yi latti ba daidai ba ne a ci ka tarar dukan wata. In babu layin tara sam a abin da ka sa wa hannu to maganar ta sake, ba alfarma kake nema ba haƙƙinka ne. In sun yi shiru wata guda ko sun ƙi ba ka lissafi, akwai hukumar ARSM da ke sa ido kan asusun rance a ƙasar nan, akwai kuma ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC Wadata a Yamai, ka kai musu kofin takardarka mai kashe. Kotu kam ban ba ka shawara ba a kan jika 15, kuɗin mota zuwa da dawowa kaɗai zai cinye su.

Maganar riba. Ni ba malami ba ne amma abin da na ji daga malamai a fili yake, ƙarin da ake ɗora wa mai bashi saboda ya jinkirta shi ne ainihin abin da aka hana, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta yanke cewa tarar latti a kan bashin kuɗi riba ce, shi ya sa bankunan Musulunci da ke aza irin wannan tara don tsoratar da masu wasa da biya ba sa sa ta cikin ribarsu, sadaka ake yi da ita. Kuma a suratul Baƙara an ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi. A ɗaya ɓangaren hadisi ya ce jinkirin mai hali zalunci ne, kai kuma ba ka cikinsu tunda ka fidda kuɗin kwana takwas kafin wa'adi. Amma ƙin biya ba zai fidda ka daga ribar ba, ƙara maka ita zai yi wata bayan wata kamar yadda na lissafa maka. Hanyar rage ta ita ce ka toshe wannan ramin, ka nemi yafiya, in Allah ya hore maka ka tambaye su sharaɗin biyan sauran bashin gaba ɗaya kafin lokaci ka fita. Ka samu malamin da ka yarda da shi nan Tawa ka kai mishi kwantiragin kanshi ya gani, kar ka ba shi labari da baki kawai.

Ka daina aika shek cikin ambulan, don Allah. Tunda albashinka ta banki yake sauka, ka je reshenku na Tawa ka cika takardar umarni su riƙa tura jika 45 kai tsaye zuwa asusun masu bashin duk wata a rana ɗaya, ka tambayi nawa suke cira na aikin. In albashi ba ya da tsayayyar rana, kuma mun san yana yin haka, ka roƙi masu bashin su matsa maka wa'adi daga 5 zuwa 10 ko 15, ana yi, sai dai ba mai ba ka in ba ka tambaya ba. In wannan bai yiwu ba ga kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana, ga kuɗin waya, cikin minti kaɗan kuɗi na Yamai, a kai tsaba gishe a amshi rasit a ɗauki hotonshi a turo maka a WhatsApp ranar. Kuma ka riƙa duba kalanda, in 5 ga wata ta faɗo asabar ko lahadi ko ranar salla to a ranka wa'adinka alhamis ne, don juma'a rabin rana ce a wurare da yawa.

Saura ƙanenka, kuma wannan ya fi damuna da duk lissafin da na yi a sama. Wata 14 yaron nan yana barin abin da yake yi ya hau kabu-kabu ko ya taka zuwa tasha, ya yi layi ya amshi ambulan, ya sake ketawa cikin rana ya je ya yi wani layin a gishe, da kuɗin man shi da lokacinshi, ban ji ka ce kana ba shi ko na ruwa ba. Sau 14 ya yi daidai ba wanda ya rubuto min ya yaba mishi. Ko an kira shi ko ba a kira ba, ni da kai ba mu sani ba, layi yana ɗaukewa, mai kira yana kuskuren lamba ɗaya, waya tana mutuwa in an ɗauke wuta, kuma kai ma da ka kira shi ran 29 ka ce na aika je ka duba da ba a kai ran 9 ba. Ya rantse, to ka karɓi rantsuwarshi, kar ka je kana binciken wayarshi. Bashin naka ne, ɗakunan naka ne, tarar ma taka ce. Kai ne babba, ka kira shi yau bayan isha'i ka gaishe shi ka tambayi mutanen gida, ka ce maganar biyan nan ka janye ta. Takardar da na ce ka rubuta ma wani zai kai ta gishe a Yamai a buga mata kashe, kuma ban ga wanda zai kai maka ita ba in ba shi ba.

In sun ba ka lissafin dalla-dallan ka ɗauki hotonshi ka rufe sunanka da lambar asusu ka turo min mu duba tare.